Tsarabar da Na Kawo wa Baba daga Ramin Yaƙi

Ranar Talata ce, kwana uku da dawowarmu. Ina kan keke ina haɗa wuyan wata riga a shagonmu na Daɗin Kowa, sai mai shagon, Madam Nkechi, ta miƙo min wayarta.

"Sa'a, zo ka gani abin da ya faru a ƙauyenmu bayan mun tafi."

Ita kowa "kai" ne a bakinta, mace ko namiji, duk da a Jos aka haife ta. Na karɓi wayar. Hoton wasu ƙarafa biyu ne masu tsatsa, kwance a kan jar ƙasa an kewaye su da igiya, kowanne kamar ƙaramar kwalba mai siririn wuya. Na ce mene ne wannan? Ta ce bam ne, tun na lokacin yaƙi. 'Yan sanda sun zo sun fitar da kowa daga gida, sun kwashe su sun kai daji sun tayar. Ta ce ƙarar har tagogin coci sai da ta girgiza.

Ban ji sauran maganarta ba. Na san ƙarfen nan. Na san nauyinsa a tafin hannu. Biyu ne a hoto, amma suna da na uku, kuma ni na ɗauko shi, na naɗe shi a zanina, na kawo shi Jos na ba mahaifina tsaraba. Da safiyar nan ma kafin in fito na ji yana ce wa Inna yau zai yanka shi.

Tun ranar ban huta da tambaya ba. 'Yan ajinmu na sakandare, matan layinmu, har masu kawo ɗinki. Wata ta ce ta ji an rufe ni, wata ta ce abin a Makurɗi ya tashi. Na gaji da maimaitawa. Shi ya sa na zauna na rubuta tun daga farko, wadda ta tambaya in tura mata.

Sai kun san gidanmu za ku gane abin da na yi. Kakana ya zo Jos ne zamanin kuza, yana gyara wa masu haƙa diga da shebur. Baba ya gaji maƙerar a Nasarawa Gwom, ya ƙara da walda. A gidanmu babu wanda ke wuce ƙarfe a hanya. Ƙusa ce, guntun sifirin mota ne, ƙafar keke ce, ka ɗauko ka kai wa Baba. Zai ƙwanƙwasa ya kara a kunne. In ya ce "wannan na da ne," to ranar kai ne ɗan gaban goshi. Ƙarfen yanzu kuwa kwali yake kiransa. Haka muka tashi, maza da mata. Shekarata ashirin da ɗaya amma har gobe idona a ƙasa yake in ina tafiya.

Dalilin tafiyar biki ne. 'Yar Madam, Chioma, za a yi bikinta na gargajiya a ƙauyensu kusa da Umuahiya, ni kuma na ɗinka ankon, dole in je saboda gyare-gyaren ranar biki. Da ƙafarta Madam ta zo gidanmu ta durƙusa gaban Baba. Baba ya ce, "Amana ce. Yadda na ba ki ita haka za ki dawo min da ita." Inna kuwa ta haɗa min dambun nama da ƙuli-ƙuli da yaji cike da gwangwani, kamar inda za ni ba a taɓa ɗora tukunya ba. Tana ɗaure bakin jakar tana cewa, "Abin da ba ki san sunansa ba kada ki sa a bakinki."

Bayan sallar asuba muka tashi a bas ɗin da Madam ta ɗauko shata. Kowa da rigar sanyi. Da muka fara gangara Hawan Kibo kunnuwana suka toshe, na ɗauka ciwo ne, wata mata ta ce in haɗiyi yawu. Kafin Akwanga kowa ya tuɓe rigar sanyinsa, kafin Lafiya har da masu fifita da kwali. Nan na gane mu mutanen Jos ba mu san zafi ba, labarinsa muke ji.

A gadar Makurɗi na rufe idona. Ni iyakar ruwan da na sani tafkunan kuza ne da aka hana mu zuwa tun muna yara, sai ga ruwa ya yi faɗi har ba na ganin mutanen ɗaya gefen sosai. Direba ya hango ni a madubi ya ce, "Hajiya, buɗe ido, ba a biyan kuɗin kallo." Mota ta kwashe da dariya.

Daga Otukpo zuwa gaba Hausa ta fara ɓacewa daga bakin mutane da jikin allunan shaguna. Ni kaɗai ce mai hijabi a motar, kuma duk shingen da muka tsaya sai na ji idanu a kaina. A wani shinge wani mai bindiga ya leƙo ya tsura min ido, sai na ji ya ce, "Ke 'yar gida, me ya kawo ki nan?" Ashe mutumin Bauchi ne, ya ce ya yi wata uku bai yi hira da Hausa ba. Madam ta ce, "'Yata ne." Ya ce, "To Madam, a kula mana da ita." A wata mahaɗa kafin Inugu aka sayo mana wani abu a ganye, rawaya, mai zafi, suna kiransa okpa. Na tuna gargaɗin Inna, na tambaya har sai da na gane alalar gurjiya ce, sannan na ci. Na ci uku.

Rana na shirin faɗuwa muka isa. Gidan babba ne, a cikin itatuwan kwakwar manja da ayaba, kuma ruwan sama kullum sai ya sauka. Aka ba ni ɗaki ni da wasu 'yan mata biyu. Da na tambayi gabas suka tsaya musu a kan inda rana ke fitowa, sai da wayata ta raba gardamar. Ina sallah suna zaune shiru kamar an ɗaure su, bayan na idar ɗaya ta ce ashe ana iya motsi? Abinci kuwa, akpu ya kayar da ni. Tuwon rogo ne mai tsami, warinsa kaɗai ya ishe ni. Madam ta sa aka riƙa dafa min shinkafa da kifi, ranar biki kuma ta aika gari aka nemo wani mai tsire ɗan Sakkwato ya yanka min kaza.

Babbar kunyar da na sha a kan goro ce. Washegari aka tara baƙi a falo, aka fito da goro a faranti, aka fara zagayawa da shi. Da ya zo gabana na ɗauki ɗaya, na ce na gode, na gatsa. Falon ya yi tsit. Ashe su nuna wa kowa ake yi ya taɓa farantin kawai, a mayar wa dattijon gida, ya yi doguwar addu'a a kai, sannan a fasa. Mace ma ba ta fasawa. Ga ni da rabin goro a baki, na kasa taunawa na kasa tofarwa.

Sai wani tsoho mai jar hula da ke kan babbar kujera ya fashe da dariya har da buga sanda. Ya ce da Hausa tsantsa, "Ku ƙyale ta, 'yar Jos ce. Mu a can goro ci ake yi, ba a yi masa wa'azi."

Shi ne yayan mahaifin Madam, kowa Dede yake ce masa. A Bukur aka haife shi, babansa makaniki ne a kamfanin kuza. Yana da shekara goma sha uku rikici ya tashi, suka hau jirgin ƙasa suka gudo, shi bai sake komawa ba. Ƙanensa ne ya koma bayan yaƙi. Hausarsa irin ta tsofaffi ce, sule da taro yake ce wa kuɗi. Kullum da yamma sai ya aika a kira ni. "'Yata, har yanzu ana yin gwaten acca? Har yanzu ƙanƙara na zuba a farkon damina?" In na ce ana yi, sai ya gyaɗa kai.

Bayan biki da kwana ɗaya ya ce in zo in ga ɗakinsa na ƙasa. Muka zagaya bayan gida. A gindin ayaba akwai wata 'yar rumfar kwano, a ƙarƙashinta matakala ta gangara cikin ƙasa. Na tsaya. Ya ce, "Tsoro? Jikar mai gyaran diga?" Na bi shi.

Cikin da sanyi, da warin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Tsayinsa bai kai mutum ya miƙe sosai ba, faɗinsa kamar zauren gidanmu. An jera gumagumai a sama, an tokare da guntayen ƙarfen dogo. Ya haska min da tocila: ga wata tukunyar ƙasa, ga fitilar gwangwani, ga zane-zane a bango da ya ce ƙannensa suka yi da ƙusa. Shi da babansa suka haƙa ramin lokacin yaƙin basasa, saboda jiragen sama. In aka ji ƙara kowa ya gangaro, har awaki. Ya nuna min wani lungu ya ce nan ƙanwarsa ta rasu, ba bam ba, yunwa. Shekararta huɗu.

Na rasa inda zan sa idona. A makaranta shafi biyu aka koya mana a kan yaƙin nan, kuma ban taɓa tunanin ta wannan gefen ba. Na ce a hankali, "Dede, mutanenmu ne ko?" Ya ce, "Ni jirgi na gani, ban ga fuskar kowa ba. Kula da kanki, gungumen nan ya fi sauran ƙasa."

'Ya'yansa sun daɗe suna so a cike ramin a gina ɗakunan haya, ya ce sai bayan ransa. Duk Asabar yake sharewa. Gungumen da ya ruɓe ya canza, bututun iska ya sa masa raga saboda macizai, in malaman firamare suka kawo ɗalibai ya zauna ya ba su labari. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne ɗaki na biyu. Daga baya sojoji sun karɓe ramin sun ƙara wani ɗaki ta ciki, ya rufta tun kafin a gama yaƙi, ba a sake buɗewa ba. Yanzu da biki ya tara masa samari, ya ce ba za su tafi ba sai sun tone masa shi.

Washegari aka fara. Maza na haƙa, mata na kwasar ƙasa a kwanon sarki suna zubarwa a bayan ayaba. Kafin a fara Dede ya tsaya ya yi musu dogon bayani da yarensu, yana ɗaga yatsa. Na ɗauka addu'a ce irin ta goro. Daga baya na ji cewa ya yi duk wanda ya ga ƙarfe kada ya taɓa, ya kira shi. Babu wanda ya tuna ya fassara min, don babu wanda ya zaci zan shiga aikin. Ni kuwa zama ya ishe ni, na ɗaure hijabina a ƙugu na ɗauki kwano.

A zuwa na biyar ko na shida, ina juye ƙasa sai wani dunƙule ya gangaro ya bugi ƙafata. Na ɗaga na ji nauyi. Na kankare ƙasar da tsinke, sai ga ƙarfe. Abin da ya zo min a rai kawai shi ne Baba. Na ɗauki dutse na ƙwanƙwasa shi sau biyu, na kara a kunne, yadda yake yi. Yanzu da nake rubuta wannan layin sai da na ajiye biro na ɗan zagaya tsakar gida.

Ban tambayi kowa ba. A wurinmu ƙarfen da aka zubar a juji ba shi da mai shi, kuma kunya nake ji a ce baƙuwa tana tsince-tsince. Na wanke shi a bakin rijiya, na naɗe a tsohon zani, na sa a ƙasan jakata. A kansa na ɗora garin rogo da galan ɗin manja da busasshen kifin da aka ba ni in kai wa Inna.

Ranar da za mu taho Dede ya riƙe hannuna ya ce in Madam za ta sake zuwa in aiko masa da acca ko mudu ɗaya ne. Jakar tana rataye a kafaɗata muna wannan sallamar.

A ƙarƙashin kujerata ta yi tafiyar. Duk ramin da ke tsakanin Otukpo da Makurɗi mun faɗa shi. Da ƙafata ta gaji, a kan jakar na ɗora ta. A wani shinge aka ce kowa ya buɗe kayansa, mai binciken ya zuge tawa, warin kifi ya buge shi, ya ce rufe, rufe. Mu goma sha huɗu ne a motar, har da mai goyo.

Ranar Asabar da yamma na shiga gida. Bayan an gama murna na kwance zanin a gaban Baba. Ya juya shi, ya auna a hannu, ya ce wataƙila kan famfo ne irin na Turawan da, tsatsa ta cinye gindin. Sannan ya ce, "Wannan na da ne." Na ji daɗi har cikin raina. Ya ce in ya yanke wuyan, guduma za ta fito wadda jikokinsa za su gada. Lahadi da Litinin yana da aikin wata ƙofa, don haka ƙarfen ya zauna a gida. Inna ta tokare ƙofar kicin da shi kwana biyu.

To, mu koma shago ranar Talata.

Na ce, "Madam, akwai ɗaya a wurin Baba." Ba ta gane ba. Na sake faɗa. Ta dafe kai ta kira sunan Yesu da ƙarfi har mai shagon kusa ya leƙo. Na kira wayar Baba, a kashe. Ta Inna, a kashe. Unguwarmu ta kwana biyu wuta sai dai ta leƙo ta koma, wayar kowa ta mutu. Madam ta fizgi makullin mota, ko shagon ba mu rufe ba.

Ban taɓa sanin Daɗin Kowa da Nasarawa Gwom suna da nisa haka ba. Madam na tuƙi da hannu ɗaya, ɗayan tana kiran wani ɗan cocinsu ɗan sanda, tana yi masa kwatance. In ta ajiye waya ta kama addu'arta, ni ina tawa. Duk surar da na fara sai ta kuɓuce min a tsakiya. Na sauke gilashi ina saurare. A cikin cunkoso wani keke mai ƙafa uku ya yi ƙara ta bututun hayaƙi, na ƙwalla ihu, Madam ta kusa hawa kan mai lemu. Ta ce, "Sa'a, in ka sake yi min haka mu biyu za mu riga Baba tafiya."

Muna shan kwanar layin na hango Baba. Yana zaune a benci a ƙofar maƙera, rediyonsa a cinya, yana ɓare gyaɗa. Na fita tun motar ba ta gama tsayawa ba. Ta bayansa ina ganin cikin shagon: ƙarfen a matse a bais, abin damƙe ƙarfe, an zagaya wuyansa da farin alli, giranda, injin yankan ƙarfe, na kwance a kan tebur kusa da shi.

Na kama hannunsa ina ja.

"Ke lafiyarki? A gaban mutane?"

Madam ta iso tana haki ta sa masa wayar a fuska. "Baba, duba. Ɗan'uwansa ne. Bam ne."

Ya daɗe yana kallon hoton. Ya waiwaya ya kalli bais. Ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Sannan a hankali, kamar da kansa yake magana, "Ɗazu na buga masa guduma."

Ku da kuke Jos kun san akwai kalmar da ba a faɗa da ƙarfi a bakin titi. Baba bai faɗe ta ba. Ya bi shaguna ɗaya bayan ɗaya, mai faci, mai kemis, mai niƙa, yana cewa tukunyar gas ɗinsa ce ke yoyo, kowa ya matsa can bakin masallaci. Suka fito suna mita. Mai niƙa har tana cewa ita ba ta ji warin komai ba. Sai da motar 'yan sanda ta iso aka ja igiya aka tare layin ta kowane gefe, sannan magana ta fita, sai ga masu mita sun fi kowa gudu.

Babbansu wani dogo ne, ba ya ɗaga murya. Ya tambayi wa ya kawo, na ɗaga hannu kamar a aji. Ya kalle ni daga sama har ƙasa ya ce in tsaya kusa da motarsu kada in je ko'ina. Inna ta iso da mayafi a karkace, ta riƙe ni.

Ana cikin haka Baba ya dafe ƙirji. "Ranka ya daɗe, giranda." Ofisan ya ce me ya same ta? Baba ya ce da hantsi an kawo wuta, ya kunna ta, ya kai ta bakin allin ke nan aka ɗauke. Haushi ya sa ya ajiye ta a tebur ya fito. Bai kashe ba. In wuta ta dawo, da kanta za ta tashi, kuma tsakaninta da ƙarfen bai kai taƙi ɗaya ba.

Ofisan ya ce ina fis ɗin wutar shagon, a cire shi? Baba ya ce a bangon waje, gefen ƙofa, amma murfin akwatin yana da wata dabara, shi kaɗai ya iya buɗe shi. Suka kalli juna. Ofisan ya ɗaga igiyar ya ce, "Mu je tare, Baba. A hankali."

Na ga bayansu suna tafiya su biyu a layin da babu kowa, kaji kawai ke kiwo. Inna ta matse hannuna har farcenta ya shiga. Baba ya tsaya a jikin bangon, ya daki gefen akwatin da tafin hannu, ni kuwa na runtse ido. Da na buɗe suna dawowa, fis ɗin a hannunsa.

Ba a yi minti goma ba ƙwan fitilar ƙofar kemis ya kama. Daga layin baya muka ji ana ihun an kawo wuta. Baba ya kalli ƙwan, ya kalli abin da ke hannunsa, sai ya zauna a ƙasa a wurin, a cikin taɓo, da farar rigarsa.

Sauran aikin nasu ne. Wani ya sa wata riga mai kauri da hular gilashi ya shiga. Ya daɗe ƙwarai, don Baba ya matse bais ɗin da ƙarfinsa na maƙeri. Daga baya ya fito rungume da akwati cike da yashi, yana taku kamar mai ɗauke da jariri. Motar da ta tafi da shi ko mai tafiya a ƙasa zai iya wuce ta.

Ni kuma aka ce in shiga mota a je a rubuta bayani. A nan wani sabon tsoro ya kama ni. Yarinya mai hijabi ta ratso jihohi da bam a jaka ta shigo da shi Jos, wa zai yarda guduma aka so a yi? Baba da Madam suka biyo mu. Na faɗa aka rubuta, aka sake tambayata na sake faɗa. Aka aika gida aka zazzage jakata, ba a samu komai ba sai ragowar garin rogo. Madam ta kira Dede ta sa a lasifika. Dede ya ce, "Ofisa, laifina ne. Na yi gargaɗi da yarenmu, na manta akwai 'yar garinmu a cikinsu. In akwai wanda za a rufe, ga ni nan, ku zo ku ɗauke ni." Ofisan ya ce ya ji, Baba, ya kwantar da hankalinsa. Ya fita ya bar mu a benci.

Muka zauna. Baba bai kalle ni ba tun a layi, ni ma na kasa kallonsa. Taɓon ya bushe a rigarsa. Madam ta sayo ruwa babu wanda ya sha.

Ana kiran la'asar a wani masallaci can nesa ofisan ya dawo da waya a hannu. Ya ja kujera ya zauna a gabanmu. Ya ce yanzu yaransa suka kira daga bayan gari, sun tayar da bam ɗin. Ya ce lafiyarsa ƙalau, da ransa, ramin da ya bari zai ɗauki mutum a tsaye har ƙugu. An duba shago da gida, babu saura, an kwance igiya, mutane sun koma.

Na ce, "Ni fa, ranka ya daɗe?"

Ya ce, "Ke me?"

"Ba za a rufe ni ba?"

Ya yi ɗan murmushi ya rufe fayil ɗin. "Da ba ki yi gudun nan ba, da yanzu wani aikin muke yi. Tashi ki tafi gida, ƙanwata. Babu abin da zai same ki."

Na yunƙura zan tashi. Sai kuka ya zo, wanda tun safe ya ƙi zuwa, na kife kaina a cinya ina cewa Baba ka yafe min, Baba ka yafe min.

Na ji hannunsa a kaina, mai kaushi, yana warin gawayi.

"Ke kika ɗauko, ni na matse shi a bais. Wa zai yafe wa wa?" Ya kama ni ya ɗaga. "Tashi mu je. Innarki tana tsaye a ƙofar gida tun ɗazu."